Kakan Baba Tela da Gadar Yaƙi

Baba Tela ya fi shekara talatin a shagon bakin layinmu, kuma ba ɗinki ke tara masa jama'a ba, labari ne. Ka kai masa wando ya rage tsawo, sai ya ajiye almakashi ya ɗauko maka yadda kakansa ya tare gada ranar da mahara suka zo. Wandon kuwa sai wani satin.

Da 'yar ƙanwarsa mai koyar da tarihi a jami'a ta fara zuwa da rikoda, sai bakin Baba ya ƙara buɗewa. Shekara da shekaru tana zuwa tana ɗauka. Da ta ce littafin da ta rubuta ya fito kuma labarinsa yana ciki, ya ɗinka wa kansa sabuwar riga, ya kwashi 'yan bencin shago har da maƙwabcinsa mai facin taya zuwa wajen ƙaddamarwa.

Suka zauna a sahun gaba. 'Yar ƙanwar tasa ta miƙe ta ce babin da ta fi so shi ne na yadda labari ke girma a bakin mutane.

“Kawuna ga shi nan,” in ji ta, tana murmushi. “Zuwana na farko, kakansa yana cikin mutum ashirin a kan gadar. Daga baya suka koma uku. Bara kuwa shi kaɗai ne, ga zazzaɓi yana damunsa.”

Zauren ya ɗauki dariya da tafi. Ta ƙara da cewa bincike ya nuna an gina gadar ne bayan rasuwar kakan.

Mai faci ya zungure shi. “Baba, to a kan me ya tsaya? Kan ruwa?”

Baba ya sunkuyar da kai, ya ƙura wa bakin rigarsa ido kamar yana neman inda zare ya tsinke.

Washegari ta kawo masa kwafi. “Kawu, wallahi ba tozarci na nufa ba. Babinka ne malamai suka fi yabawa.”

“Na gode, 'yata,” ya ce, bai ɗago ba. Ya cusa littafin ƙarƙashin ƙyallaye.

Yanzu in aka ce, “Baba, a ba mu na gada,” sai ya taka keken ɗinki da ƙarfi har maganar ta nutse. Benci ya koma shagon mai faci. Wando kuma, a ranar kake karɓar abinka.