Takardun Teku da Fanka Ta Watsa

Akwai wata Litinin da har in mutu ba za ta fita daga kaina ba. Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ce, ina shara da dafa shayi a wani ɗan ofis a saman bene a Gyaɗi-Gyaɗi. Mai ofishin tsohon sojan ruwa ne, Kwamanda Yohanna, gidansa a Tarauni. Mu uku ne: shi, ni, da Rifkatu mai buga kwamfuta.

Bari in gaya muku aikinsa, yadda kunnena ya tsinta ina goge tebur. Jirgin ruwa yana da na'ura, rada, mai aika sigina ta bugi abu ta dawo kamar amsa-kuwwa. To igiyar ruwa ma tana mayar da tata amsar, sai ta rufe ta ƙaramin kwale-kwale, a kasa ganinsa. Kwamanda yana digirin dokta a kan wannan hayaniyar ta igiyar ruwa. Wai akwai wani lissafi na hargitsi, mai cewa abu yakan yi kama da yamutsi alhali da ƙa'ida a ƙarƙashinsa, kowace lamba ta gabanta ce ta haife ta. In ka kama ƙa'idar, ka san amsar da teku zai bayar tun bai bayar ba, sai ka cire ta ka ga kwale-kwalen. Ni da ko dam ɗin Tiga ban taɓa zuwa ba!

Lambobin amsar tekun a takarda aka aiko masa daga Legas, tuli guda. Ya ajiye a tebur ya fita, Rifkatu ta tafi asibiti. Ba wuta, an bar fanka a kunne. Ina cikin goge ƙasa aka kawo wuta. Takardu suka tashi sama, wasu har cikin bokiti. Na tattara, na shanya, na jera su yadda kowace mace mai hankali za ta yi: masu kyau a sama, masu tabo a ƙasa. Na ɓoye maganar, don aikin nan shi ne tuwon 'ya'yana huɗu.

Kwana huɗu Rifkatu tana shigar da su. Da ta iso masu tabon ta ce, "Inna Asabe, me ya sami waɗannan?" Na ce, "Ke ma kin san Legas da ruwa."

Ranar Juma'a kwamfuta ta ba da amsa. Kwamanda ya buga tebur. "Akwai ƙa'ida! Rifkatu, da takarda ɗaya ta bar wurinta da wannan lambar ba ta fito ba." Ya ce Litinin zai kai wa malaminsa a jami'a.

Litinin ya ɗauki jaka, na tare ƙofa na faɗa masa.

"Kin jera su yaya?"

"Masu kyau a sama, Yallaɓai."

"Masu kyau! Atamfa ce?"

"To wa ya bar fanka a kunne?"

Rifkatu ta toshe baki. Ya ce in jira hukuncina sai an gyara ɓarnar. Ashe akwai lokaci rubuce da ƙananan lambobi a gefen kowace takarda. Da shi suka sake jerawa, Rifkatu ta sake shigarwa tana hararata har kwana huɗu. Kwamfuta ta ba da amsa. Wallahi irin ta farkon ce.

Na yi guɗa. "Ka gani, Yallaɓai? Ban yi ɓarna ba!"

Maimakon murna sai ya zauna ya riƙe kai. Can ya ce, "Inna, ba ki gane ba. In jerarre da yamutsattse duk amsarsu ɗaya, to ma'aunina ko me aka ba shi zai ce akwai ƙa'ida. Aikin shekara uku!"

Na ɗauka kora ce ta zo. Sai ya turo min tulin. "Yamutsa su."

"Na'am?"

"Yamutsa da kyau. Kin fi kowa iyawa."

Mako uku ina yamutsa takarda, Rifkatu tana bugawa har yatsunta suka kumbura, amsa tana nan inda take. Kullum sai na ce, "Yallaɓai, shara ka ɗauke ni ko ɓarna?" Ya ce, "Ƙara yamutsawa." Daga baya ya gano kwamfutar da kanta tana iya yamutsawa cikin ƙiftawar ido. Ranar ban dafa masa shayi ba.

Digirin ya ƙara masa shekara guda. Ya sake rubutun daga farko, ya ce wannan ma'auni ba ya rarrabe tsari da yamutsi, kuma ko teku yana da ƙa'ida ko ba shi da ita, shi dai bai gano ba. Ni kuwa na ci gaba da sharata a wurin har shekara tara.

Masu bincike mutane ne masu wahalar zama, ina gaya muku. Amma da Kwamanda ya so, da ya kore ni ya kai amsarsa jami'a, ba wanda zai sani. Saboda haka in kun yi wa irinsu ɓarna, ku faɗa da wuri. Za su yi ihu, ku bar su su yi. Na kirkin cikinsu in ya gama ihun, zama yake ya duba abin da ɓarnar ta tona.