Ranar da Na Kai Kare Dogarawa

Karnukan da ke kangon bayan gidanmu na mijina ne. Ma'aikacin asibitin dabbobi ne a Birnin Konni, kuma tun yana aiki, in ya ga kare mota ta buge shi a bakin kwalta, sai ya ɗauko shi ya ɗora masa ƙafa, ya ajiye a kangon har ya warke. Da Allah ya yi masa rasuwa, mutane ba su daina kawowa ba. Ina cikin takaba wani ɗan kabu-kabu ya ajiye mini kwali da ƴan kwikwiyo a ƙofar gida.

Wan mijina ya zo ya same ni. Ya ce, "Ki buɗe ƙofa ki sallame su. Wannan ba aikin mace ba ne."

Na ce, "Yaya, mai ƙafa uku fa, ina za shi?"

Sai ya ce to, in dai kula da tsarkina. Bai sake tayar da maganar ba.

Haka na koyi aikin. Tukunyarsu daban, da safe in dama musu dussa da tsaki, in zuba ƙasusuwan da mahauta ke tara mini. Zanen shiga kango ma daban, a ƙusa nake rataye shi kafin in yi alwala. Da damina kaska ce ke wahalar da mu, sai in zauna bisa turmi ina cire su ina jefawa a gwangwanin kananzir. Maƙwabta kuwa, wata rana haushi ya dame su, wata rana an kori kazar wani. Ina ba da haƙuri, galibi kuma ana karɓa.

Abin da ke rage mini nauyi shi ne samun wanda zai riƙe kare tsakani da Allah, mai garka ko makiyayi. Amma ba na bayarwa sai na ga wurin da idona. Wata shekara da rani, matar da nake sayen dussa wurinta ta ce ƙanenta na da garkar albasa kusa da Dogarawa, awaki sun hana shi sakat. Na zaɓar masa wani jan kare mai yankakken kunne, wanda kullum shi ke tada faɗa wajen cin abinci.

Kai shi ne ya zama aiki. A tasha direba ya dube ni, ya dubi karen.

"Inna, akuya ina ɗauka, kaji ina ɗauka. Amma kare?"

"An yi masa allura, ga shi kuma na ɗaure masa baki."

"To, sai dai bisa mota, cikin kaya."

Na ce a wannan rana, kafin mu kai ya mutu. Wani dattijo mai farar riga, wanda za shi suna, ya ce in karen ya shiga shi zai fita. Aka yi ta ja, har direba ya buɗe bayan mota ya matsar da buhunan gishiri. Na shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu, karen ya kwanta, ni kuma na zauna a kujerar baya da igiya a hannu. Dattijon ya koma gaba, ya tattare rigarsa bisa cinya.

Ba mu yi nisa ba karen ya fara kakari. Na yi sauri na kwance masa baki, sai ga amai. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. Matar da ke kusa da ni ta leƙa ta ce, "Ayya, haka autana yake yi in ya shiga mota." Ta ɓare lemun tsami ta miƙo mini wai in shinshina masa. Mota ta ɗauki dariya, har da direba. Dattijon dai bai yi ba. Da ya sauka na ga ya wanke bakin rigarsa da ruwan buta, ko da yake karen bai taɓa shi ba. Ban ga laifinsa ba.

Mai garkar na jiranmu a bakin hanya da amalanken jaki. Da muka isa garkar, na zaga wurin sosai: akwai rijiya, akwai inuwar mangwaro, ya kuma yi ƴar rumfa ta kara. Na ce ya bar shi a ɗaure na ƴan kwanaki, ya riƙa ba shi abinci da hannunsa, kada a bari kwanon ruwa ya bushe.

Ya ce, "Mi ake kiran shi, Inna?"

Na ce ban taɓa sa masa suna ba, yanzu nasa ne, ya sa wanda ya ga dama.

Da na juya zan tafi karen ya ja igiya yana kuka. Amma na san in na koma na shafa shi, zai daɗe bai saba da wurin ba. Na hau amalanke, matar mai garkar ta ɗora mini ƙullin albasa a cinya.

Da la'asar na iso gida. Na sauya zane, na shiga kango da tukunya. Ranar kowa ya ci rabonsa ba gurnani, har wata tsohuwar karya da kullum sai na tsare mata kwano. Na zauna bisa turmi ina kallonsu har aka kira magariba.