Karen Kawu Mai Tangaɗi

A shekarun farko da aka ba mu jihar Kebbi ina zaune gidan kawuna a Maiyama, muna noman gero da damina, albasa da rani. Kawu ya karɓo ɗan kwikwiyo daga wani Bafulatani makiyayi don ya riƙa korar birai daga gona. Bai taɓa korar ko ɗaya ba.

Yana fara girma ya kama tangaɗi. In ya nufi gabas, ƙafafun baya su nufi kudu. Kansa kullum yana rawa kamar mai amsa gaisuwa. In ya yi haushi sai ya faɗi, ya tashi ya ƙarasa haushin.

Kawu ya ce targaɗe ne. Ya sa shi cikin kwando, na rungume kwandon a bayan babur, muka tafi Aliero wajen wani tsoho mai ɗori. Tsohon ya dubi kwando, ya dubi Kawu.

"Malam, ni mutane nika yi wa ɗori."

"Na sani, Baba. Ba ya da inda za shi ne."

Tsohon ya lallatsa ƙafafun, ya wanke hannunsa, ya ce ƙashi lafiya lau, mu nemi ciwon can sama.

A Jega malamin dabbobi ya ce daga ƙwaƙwalwa ne, gado ne kuma, ba shi da magani. Da Kawu ya sake gamuwa da Bafulatanin ya ba shi labari.

"Haka uwarsa take," in ji shi. "Haka kakarsa."

"Don mi ba ka faɗa min ba?"

"Mai haushi ka ce kana so."

Kawu bai mayar da karen ba. Ya binne kaskon ruwansa cikin ƙasa don kada ya kifar, ya rufe bakin rijiyar lambu da itace, ya shimfiɗa masa buhu a rumfa. In zai ci abinci, Kawu kan dafe masa ƙeya har ya gama. Bai bari ya haihu ba. Wani maƙwabci ya ce a kai shi daji a bari. Kawu ya ce zai yi shawara, ya yi shekaru yana shawarar.

Da kakar albasa karen ya mutu, a kwance, bayan ƙafafun sun daina ɗaukarsa. Kawu ya haƙa rami a gefen gona shi kaɗai, ya hana ni karɓar fartanya. Da muka koma gida matarsa ta tambaye shi me ya sa idonsa ya yi ja. Ya ce albasa ce.