Na Ce Na Biyu, Alhali Na Huɗu Ne

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni fili in sauke wani abu da ya daɗe a ƙirjina. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don waɗanda abin ya shafa galibinsu sun riga mu gidan gaskiya, ni aka bari da kunyata.

A zamanin da mulkin Nasara bai daɗe da zama ba, lokacin da in mota ta shigo Illela har mata ke leƙowa ta katanga, ni direba ne. Magidanci ne ni mai 'ya'ya biyu, ga ƙarfi, ga girman kai kamar ni na ƙera motar. Tsohuwar babbar mota ce ta wani attajiri, wadda ya saya bayan Turawa sun gama morarta, muna ɗaukar fatu da kanwa daga bakin iyaka zuwa Sakkwato. Mai kula da injinta wani dattijo ne mutumin Tozai, wanda ya koyi gyara lokacin da aka kwashe su dakon kayan soja. Shi ya koya mini tuƙi, shi ya koya mini riƙon sifana, kuma ɗana yake ce mini. Amma abin da ke ci mini rai shi ne, ni ke shan wahalar hanya, in mun iso dattijon ne mai gida ke fara gaisarwa, shi ake shimfiɗa wa buzu.

Dattijon yana da wata gajerar sanda irin ta makiyaya, kanta naɗe da fata. In injin ya canza murya sai ya kafa gindinta a jikin ƙarfen, ya ciji kanta, ya rufe ido, can sai ya nuna inda ciwon yake. Mutane suna ta mamaki. Ni kaɗai na san dalili, don shi da bakinsa ya gaya mini bisa amana: kunnuwansa sun kusa mutuwa, ta haƙori yake jin bugun injin.

Wata Asabar muka dawo motar duk laka. Dattijon ya sha hana ni zuba ruwan sanyi kan injin mai zafi, amma ina sauri, na kwarara masa guga guda na ruwan rijiya. Na ji wani ɗan ƙas, na yi kamar ban ji ba. Washegari ranar kasuwa, an gama lodi, na juya handul ɗin tada mota, sai injin ya tashi yana ɗingishi. Jikin motar na karkarwa, tana tari, hayaƙinta na warin ɗanyen fetur. Na buɗe na duba, sai ga tsaga siririya kamar gashi a farin jikin filogi na huɗu. Wutar da ya kamata ta shiga ciki ta ƙone mai, ta nan take zurarewa. Na san aikina ne, na kuma san duk wanda ya ga tsagar zai tambayi wa ya wanke mota.

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na tafi wurin mai gida na rage murya. Na ce masa sandar nan ba sanda ba ce, asiri ne a cikin fatar. Da ita tsohon ke ɗaure motar yana kwancewa, don kada a taɓa rabuwa da shi. Mai gida mutum ne mai tsoron duk abin da ya ji warin tsafi. Ya taso da kansa, a gaban fatake da 'yan dako, ya karɓi sandar ya farke fatar da wuƙa. Bai tarar da komai ba sai itace da sawun haƙora, amma ya riga ya hau, ya karya ta a gwiwa, ya ce in gyara na gaskiya ne a yi shi ba sanda. Ni kuwa sai na ƙara da cewa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, ai ko tambari aka buga masa a ka ba zai juyo ba. Aka kwashe da dariya.

Dattijon ya juya wurin motar. Ya naɗe hannun rigarsa ya shiga yin abin da shi ya koya mini: injin na aiki, a cire wayar filogi ɗaya bayan ɗaya. In ka cire mai lafiya, injin zai ƙara faɗuwa. Wanda ka cire murya ba ta canza ba, shi ne mataccen. Aiki ne na kunne, shi kuwa ba kunne. Ya bi su duka huɗu, wuta na fizgar yatsunsa, mutane na ihu duk sanda ya zabura. Da ya gama sai ya matso kusa da ni, ya kira ni ɗana, ya tambaye ni a hankali mi na ji, wane ne bai canza ba. Na dube shi na ce na biyu.

Sabon filogi ɗaya tak muke da shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kwance na biyu ya ɗaura sabon. Na juya handul, motar ta ci gaba da tarinta. Sai na ture shi da kafaɗa har ya dafa ƙasa, na mayar da na biyu mazauninsa, na sa sabon a na huɗu, na jefa mai tsagar cikin aljihu kafin kowa ya gani. Injin ya tashi sumul. Aka yi ta yi mini kirari, kuma wallahi a lokacin daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Nan take mai gida ya sallame shi. Ya tsince guntayen sandarsa biyu, ya kama hanyar Tozai a ƙasa. Da muka fito da motar na wuce shi a hanya, na danna masa ƙaho, na sani sarai ba zai ji ba. Bayan haka ba wanda ya sake ba shi ko keke ya gyara, sunan mai tsafi ya bi shi har masallaci.

Shekaru suka tafi, ƙarar injin ta cinye nawa kunnuwan. Ranar da na kama kaina ina cizon sanda a ɓoye bayan mota, ranar na shirya na tafi Tozai neman gafara. Na tarar ya daɗe da rasuwa. 'Yarsa, wadda ta zama dattijuwa, ta kawo mini ruwa, ta zauna daga nesa tana ɗaga murya don in ji. Ta ce babanta ya ba su labarin sau ɗaya kawai. Ya ce tun da ya buɗe injin ya ga tsagar na huɗu da idonsa, ya kuma san ruwan sanyi ne. Ya tambaye ni ne don ya ba ni dama in faɗi gaskiya da bakina. Da na ce na biyu, sai ya kwance na biyu, don in ya nuna na huɗu ni za a kora, ni kuwa ina da ƙananan 'ya'ya. Ta faɗa mini haka ba fushi a fuskarta, ta ce in sha ruwana kada ya yi zafi. Na ajiye ruwan ban sha ba.

Filogin nan yana cikin akwatina har yau. Abin da na koya shi ne, ƙaryar da na yi ba ta ruɗi dattijon ba ko kaɗan. Ya gan ni sarai, ya zaɓi ya rufa mini asiri a daidai lokacin da nake tona nasa. Ku masu sana'a, in wanda ya koya muku aiki ya gaya muku rauninsa, amana ce ya ba ku, kada ku mayar da ita makami. In kun yi kuskure ku faɗa tun yana ƙarami, in kuma kun riga kun cuci wani, ku je yau tun yana da rai. Ni na je, amma kabari na tarar, kuma kullum in na ciji sanda, sawun haƙoransa nake gani.