Kofaton Malam Tanimu

Kafin ka ga Malam Tanimu, sai ka ji shi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, tun daga ƙarshen lungu, sannan ga shi ya ɓullo yana tura keke, hular kwano a bisa hular zanna, kaftani a cuse cikin wando, yana taku da diddige yatsu a sama kamar agwagwa. Ku da kuka zauna da shi a cikin birni ba sai na kwatanta muku ba. Ni taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka abin da wasu ke jin nauyin faɗa ni zan faɗa, tunda yau ba ya nan balle ya rama.

Bayan ya yi ritaya daga ofishin safiyo ne likita ya ce sukari ya yi masa yawa, sai ya riƙa motsa jiki. Ɗansa Auwalu, da ke aiki a Turai, ya ji labari ya aiko masa da keken tsere. Jama'a, ban taɓa ganin irinsa ba! Taya siririya kamar tsinken tsire, ga shi ba nauyi, da yatsa biyu sai ka ɗaga shi. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne takalmin da aka haɗo da shi. A ƙarƙashin kowace ƙafa an ɗaure wata 'yar roba mai tauri, mai kusurwa uku, da ɗigon ruwan ɗorawa a gefe. In ka taka feda sai ta ce ƙas, ta kama, ƙafarka ta zama ɗaya da keken, ba ta fita sai ka murɗa diddige waje. Auwalu ya faɗi sunanta da Turanci a waya, ba wanda ya riƙe. Ni na sa mata kofato, sunan kuwa ya bi ta.

Na ce masa wannan ai tarko ne, mutum da hankalinsa ya ɗaure kansa a jikin ƙarfe. Ya ce ni da na ƙare rayuwata ina taka keken ɗinki ban taɓa matsawa ko taku ɗaya ba, ba ni da bakin magana a kan keke.

Ranar farko a gaban shagona ya tsaya, nan kusa da Ƙofar Doka, don in ga abin da ɗa ya yi wa uba. Ya ja birki, ya manta da murɗa diddige. Ina kallo, wallahi, dattijo mai furfura ya karkata a hankali, hannu a kan keke, fuska a ɗaure, har ya kai ƙasa bai saki komai ba. Na yi salati na fito a guje. Yana kwance, ƙafa biyu a maƙale, ya ɗago kai ya ce, “Kada ka tara mini mutane, Garba. Ba faɗuwa na yi ba, sauka ce ta zo da gaggawa.”

Labari ya riga shi isa gida. Matarsa, Hajiya Asabe, ta kira Auwalu ta ce in har ta isa da shi, to ya turo a ɗauke wannan abu kafin ya mai da ita mai takaba. Aka daidaita a kan cewa ranar da keken ya fitar masa da jini, ranar za a sa masa sarƙa da kwaɗo. Shi kuwa tunda ya fara hawa sukarin ya sauka, fuskarsa ta washe, mutumin da ritaya ta mai da shi mai gyangyaɗi a zaure ya koma yana kaiwa har unguwar Kongo ya dawo. Ya taɓa ce mini, ba da wasa ba, ranar da suka ɗaure keken nan shi suka ɗaure.

To, matsalar kofato ita ce yana cinyewa. Auwalu ya yi bayani cewa ba tuƙi ke cin sa ba, taku ne. In ɗigon ruwan ɗorawar nan ya goge, a canza, domin tsohon kofato ko ya saki ƙafa ba shiri, ko ya ƙi saki lokacin da ake so. Ya ce a can ƙafa biyu kan kai mutum shekara. Na Malam Tanimu, wanda aka ɗaura da azumi bai ga babbar salla ba.

Dalili kuwa ku kun san shi. A cikin birni ba a wuce babba a bisa abin hawa. Daga gidansa zuwa Ƙofar Doka, zaure nawa ne babu dattijo a ƙofa? Ya hau, ƙas, ya yi taku kaɗan, ya hango wani kawun surukinsa, ya murɗa, ya sauka, ya tura, ya gaisa, an tambayi iyali, an tambayi gajiya. Ya sake hawa, ga limamin unguwa. Sai ya fita ganuwa ya miƙi hanyar Tukur-Tukur sannan za ka ce mai keke ne. A cikin gari dai rakiya yake yi wa keken.

Ga shi da maƙo, Allah ya jiƙansa. Maganarsa kullum ita ce, “Abin da bai mutu ba, ba a yi masa jana'iza.” Da ya lura kofaton hagu ya fi saurin cinyewa, don da ƙafar hagu yake fara dira, sai ya kwance ya mai da na dama hagu, na hagu dama. Da su ma suka gaji, ya ce wa Auwalu ya daina ɓarna, ya riƙa sayo na hagu kawai. Auwalu ya ce ba a sayar da ɗaya. Ya ce ashe su ma Turawan sun iya cuta.

Da takalmin yake zuwa masallaci, ya ajiye a bakin ƙofa ba ko waiwaye. Wata Juma'a aka idar da salla babu takalmi. Muna tsaye ina yi masa jaje, a raina kuwa ina cewa an rabu da Bukar, sai ga wani saurayi ya taho yana ɗingishi, gwiwar wandonsa a yage, takalman a hannu. Ya ce wai a can baya ya tsince su. Malam Tanimu ya dubi gwiwar, ya karɓa, ya juya ƙasan takalmin ya duba, ya ce, “Allah ya shirye ka. Amma ka cinye mini na dama, da ma shi nake lallaɓawa.”

Wanda ya kusa tsayar mini da zuciya shi ne na ƙarfe. Roba ta ƙare, sababbi ba su iso ba, sai ya kai tsohon kofato wurin wani maƙeri ya ce a ƙera masa irinsa da ƙarfe, wanda jikoki za su gada. Maƙerin ya yi aikinsa tsakani da Allah. Kofato ya shiga feda, ya kama, ya ce ba inda za shi. Ina zaune a shago na ga Malam Tanimu ya wuce, ya ɗaga mini hannu. Jim kaɗan ya sake wucewa. A karo na uku ne na ga gumi na zuba, yana murɗa diddige kamar mai kashe kunama, yana cewa, “Garba, fito ka tare ni!” Inna lillahi! Ni da wasu mahauta muka bi shi da gudu muka rungume shi da keken gaba ɗaya, muka jingina shi da bango. Sai da aka kwance igiya aka zare ƙafafunsa, aka bar takalman a rataye. Da ya huce, ban ji yana kukan wuyansa da ya kusa karyewa ba. Abin da ya dame shi, wai ya wuce dattawan unguwa sau uku a sama, kuma sai da ya bi su gida gida da safa a ƙafa yana ba da haƙuri.

Bayan wannan Auwalu ya aiko da sababbi, ya haɗo da wasu marafai na roba mai laushi da ake sa wa kofato in za a taka ƙasa, su kare shi daga gogewa. Muka ce alhamdu lillahi, an samu magani. Rana ɗaya tak ya sa su. Washegari na same su a ƙarƙashin ƙafar bencin shagona, wai ya ga bencin na rawa. Na yi faɗa, Hajiya Asabe ta yi, Auwalu ya yi ta waya har katinsa ya ƙare. Ya ce shi dai ba zai sa ba, kuma ba zai ce don me ba.

Da sababbin ma suka cinye, abin da ake gudu ya zo. Yana hawan gangaren nan na wajen Kongo, ya miƙe tsaye a kan feda, tsohon kofato ya saki, haɓarsa ta daki kan keke. Ɗinki aka yi masa. Auwalu ya zo hutu a makon, da hannunsa ya sa sarƙar. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa da sauri haka ba. Ya koma zaure ya zauna, na je na tsokane shi ya kasa ramawa. A nan ne tsoro ya kama ni, domin Tanimun da ba ya mayar mini da magana ban san shi ba.

Ana nan sai saƙo ya zo daga Malam Sambo, ko Tanimu ba shi da lafiya ne. Malam Sambo shi ya koya mana karatu ni da shi tun muna yara, ya tsufa tukuf, idanunsa sun daɗe da rufewa, kullum bayan la'asar ana shimfiɗa masa buzu a ƙofar zaure. Tanimu ya ce ba zai iya zuwa da silifa ba. Muka ɗauka rigima ce, ni da Auwalu muka tafi a madadinsa.

Tsohon ya riƙe hannun Auwalu, ya ce tunda idonsa ya tafi mutane na gaishe shi, amma bai san wa ya sauka wa ya jefo gaisuwar daga kan babur ba. Ya ce, “Ubanka ne kaɗai nake ji. Tun daga kwanar can nake jin ya sauka, ya taho ƙwas ƙwas har gabana, ya durƙusa. In ya tashi ina binsa da kunne har wancan ƙarshen, sannan in ji ƙas, ya hau. Rana ɗaya ya zo mini shiru, sai muryarsa na ji a kaina. Na ce masa, Tanimu, kai ma ka daina sauka?”

Na dubi Auwalu, Auwalu ya dubi ƙasa. Ni da nake taƙama na san mutumin nan ciki da bai, ashe ban san komai ba. Muna komawa gida yaron ya buɗe kwaɗon. Ya dai roƙi uban, cikin ladabi, ko zai riƙa sa marafan a sauran wurare, ya cire a ƙofar Malam kawai. Malam Tanimu, da rai ya dawo masa nan take, ya ce, “Su sauran dattawan kunnensu laifin me ya yi?”

Daga nan Auwalu ya riƙa aiko da kofato a leda, da yawa, kan sharaɗin ni zan riƙa duba ɗigon ruwan ɗorawa ina canzawa. Haka na zama likitan kofato da tsufana. In na zo dubawa sai ya ɓoye ƙafa a ƙarƙashin riga, ya ce wannan da sauran numfashinsa.

Duk birnin nan mun gama yanke cewa keke ne ajalinsa. Ina! Ranar da zai cika, ya ci tuwonsa bayan azahar, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Auwalu na gari, ya zo hutun salla.

Ba wanda ya iya zuwa ya gaya wa Malam Sambo. Bayan la'asar aka sallace shi, muka ɗauko makara, hanyar maƙabarta kuwa ta ƙofar tsohon ta bi. Yana zaune a buzunsa, kai a karkace yana saurare. Da muka matso ya ce, ba da ƙarfi ba, “Lokacin Tanimu ya yi. Ƙafafu da yawa nake ji, ban ji tasa ba.”

Masu makara suka rage sauri, suna shirin wucewa. Sai Auwalu, wanda ya sa sarƙar nan da hannunsa, ya sha gabansu ya ce, “Don Allah ku sauke Baba. Bai taɓa wuce ƙofar nan a sama ba.”

Suka sauke shi. Aka kamo hannun tsohon aka ɗora a kan likkafani, ya yi addu'a gajeriya, muka shafa, muka ɗauka muka wuce.

Takalman na nan a shagona, na hagu ya goge har sukuru ya fito, da ma a makon nake shirin kama shi in canza. Allah ya jiƙan Malam Tanimu, ya yafe masa, ya sa duk takun da ya yi don girmama na gaba ya same shi a mizani. Mu da muka saura, Allah ya kyautata namu ƙarshen.