Jiragen Baba da Ranar da Na Rufe Masa Baki

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Baba, Malam Ɗanjuma, makwancinsa a nan Makka. Duk shekara sai in ce zan yi rubutu a kansa, sai in fasa. Yabonsa ba ya yi mini wuya. Abin da na yi masa ne ke da nauyin faɗa.

Da ƙafa Baba ya zo ƙasar nan, ta Cadi da Sudan, yana saurayi. Guzuri ya ƙare masa a garin Fashir na Sudan lokacin yaƙin duniya na biyu, sai ya samu aikin ƙarfi a filin jirgin Turawa. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, bai kuma taɓa cewa ya tuƙa ba. Nasa dai tura jirgi, da riƙe fiffike, da hawa kan wutsiya a danne ta in ana gwada inji. Amma daga ƙasa ya san halin jiragen yaƙin nan kamar yadda mai jaki ya san jakinsa.

Jirage biyu ya fi kawowa a hira. Ɗaya yana ce masa Mai Tale, don ƙafafunsa a buɗe suke. Mai haƙuri ne, in ji shi, ko iska ta buge shi ta gefe zai sauka ya miƙe sak. Ɗayan kuwa Mai Hanci, ƙafafu a matse, in ya sako kai daga sama babu mai kamo shi, amma yana taɓa ƙasa sai ya nemi juyawa ya goga fiffike. "Wannan," in ji Baba, "direbansa ba ya ganin gabansa a ƙasa. Sai dai ya yi tafiyar maciji, ko ɗayanmu ya zauna a fiffike yana nuna masa hanya." Da tafin hannu biyu yake kwatantawa a shagonsa na carbi a unguwar Tandabawi, har shayi ya huce.

Ni kuwa haushi nake ji. Na yi makaranta, na samu aikin ofis, kaina ya kumbura. Tsoho mai sayar da carbi, ina shi ina jirgin yaƙi?

Ranar da aka zo neman auren 'yata Hindatu a gidanmu na unguwar Utaibiyya, cikin baƙi akwai kawun ango, ma'aikacin filin jirgin Jidda. Baba na jin haka ya gyara zama, ya ɗaga hannaye biyu ya fara. Na ji kamar in nutse. Na karkata wajen baƙin na ce da Larabci, wai ƙasa-ƙasa, "Ku yi haƙuri, tsufa ne, ya fara ruɗewa." Mutumin da ya shekara sittin a Makka fa! Ya ji sarai. Ya sauke hannayensa a kan gwiwa ya ce, "Haka ne, Sani. Ku ci gaba da maganarku."

Shekara biyu ya yi bayan nan, bai sake ambatar jirgi ba. Ni kuma, Allah ya yafe mini, har daɗi na ji.

Bara mijin Hindatu ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon wani matuƙi ne da ke tashi da tsofaffin jiragen da aka gyara, an fassara da Larabci. Ga mai buɗaɗɗun ƙafafu, ga mai dogon hanci yana tafiyar maciji, har da tsohon hoton wani baƙin mutum zaune a fiffike. Wallahi matuƙin nan bai ƙara komai a kan abin da Baba ke faɗa ba. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya gani. Na san ba zai yi mini gori ba. Zai matso da wayar kusa da ido ne, ya nemi inda matuƙin ya yi kuskure.

Juma'ar da ta biyo na tara 'ya'ya da surukai a falon da abin ya faru. Na ce musu Baba bai ruɗe ba ko na kwana ɗaya, ni na yi masa ƙarya don in burge baƙi.

Sai Hindatu ta ce, "To Abba, ba mu labarin tun daga farko, yadda Kaka yake bayarwa."

Na buɗe baki, sai na ga ɗan abin da na rubuta muku ɗin nan shi ne duk abin da ke hannuna. Ya ba da labarin nan a gabana ya fi a ƙirga, ban taɓa zama na ji ƙarshensa ba.