Katakon Hotuna Da Na Kafa A Karkace

Jama'a, yau mamaci ya gyara mini aiki!

Da safe na yanko katako daga tsohon bencin marigayi Babana, kafintan reluwe, na kafa a bangon ɗakina don jera hotuna. Kun san hannuna. Ya karkace, hotuna sai zamewa suke! Na kulle ɗakin, na tafi Azahar.

Ina dawowa, katako ya miƙe sambal! Ga zane uku na fensir a gefe, alamar da Baba ke yi in ya gyara shirmena.

Na ce, "Hajiya, wa ya shiga?"

Ta ce, "Malam, makulli fa yana aljihunka."

Jiya na gyara ƙofar kicin. Wallahi har yanzu na kasa zuwa in duba ta.